Azarar Giginya da Wayar Wuta

Ƙarar zarton inji ce ta tashe ni daga kan darduma ranar nan, ina cikin lazimi bayan walaha. Daga saman kaina take fitowa, tsakanin silin da kwano, kuma da jin kukanta na san ba katako take ci ba. Katako in ana yanka shi, kukansa da laushi. Giginya kuwa ihu take sa ƙarfe, saboda baƙin zaren nan nata ya fi ƙarfin haƙoran zarto. Baƙin gari ya riƙa zubowa ta tsagar silin yana sauka a kan cinyata. Na dangwala da yatsa na murza, nan take na gane shi. Azarar gidan ubana ake yankawa, ina zaune a ƙarƙashinta, kuma a ɗakin nan jikokina uku suke kwana tare da ni.

Babban ɗana ne ya kawo aikin. Gwanjo yake sayarwa a kasuwar Missèbo, shago ya yi masa kaɗan, sai ya ga ai ga fili nan a saman ɗakunanmu ba abin da ke ciki sai ƙura. Ya ce za a shimfiɗa katako a kan azara, a ja wuta a sa ampul, wato ƙwan lantarki, a can sama, a canja wayar ɗakuna gaba ɗaya, sannan ya riƙa ajiye dilolinsa. Ban ƙi ba. Abin da na ce masa kawai shi ne, kada a kwantar da waya a kan azara a danne ta da katako, kada kuma a taɓa jikin giginyar. Ya ce, “To, Inna,” idonsa na kan wayar hannunsa. Na san wannan “to” ɗin. Ita ce wadda ake ce wa yaro in ya ce ya ga aljani a bayan randa.

Zangon nan namu, lokacin da na tashi a cikinsa, ba haka yake ba. Rairayi ne har ƙofar gida, ƙafa na nutsewa, in aka yi ruwa kuma kwana uku muna tafiya da zani a tattare. Babu zem ko ɗaya, wato baburan hayan nan, saboda haka kunne yana da sarari. Da hantsi kana jin jirgin ƙasa yana kuka daga tasha, ka san kayan arewa sun iso. In iska ta juyo daga teku kana jin jirgin ruwa yana amsa masa da babbar murya. Tsakaninsu kuma ga tallar masu ƙosai, ga lugude daga gidan maƙwabta, ga sautin ruwan da Baba ke yayyafa wa huhun goro da bakinsa, fuu, fuu, kamar mai yi wa jariri tofi. Yanzu in na zauna a tsakar gida ba na jin teku sam. Injin wuta nake ji, da hon ɗin motoci, da waƙar da ke fita daga aljihun kowa. Aikina na bayan la'asar a wancan lokaci wankin kwalaben fitila ne, guda bakwai, da toka da tsumma, in datse lagwani, in zuba kananzir ba tare da ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ita ce mai dubawa. Takan ɗaga kwalba sama ta kalli gajimare ta cikinta, ta ce, “Wannan kin wanke ta ne, ko kin gaishe ta kin wuce?” Sai in koma.

Baba bai yi gidan nan da gaggawa ba. Azarar daga arewa ya sa aka kawo ta, a hankali, yau biyar, bayan wata uku goma, har ta isa. In ya ga baƙo yana kallon sama yakan ce, “Kwanon nan iskar teku za ta cinye shi. Katakon ƙofa gara za ta ci. Wannan kuwa ita za ta ga bayanmu.” Kuma ta ga bayansa, ta ga na Gwaggo, ta ga na maigidana. An canja kwano sau nawa ban ƙirga ba, ita ko motsi.

Shekarar da aka kawo kuran, wato wutar lantarki, gidanmu ban fi tara ko goma ba. Wanda ya yi aikin wani dattijo ne mutumin garin Wida, ba musulmi ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce, kowa Mai Kuran yake ce masa. Babban mutum ne mai faɗin kafaɗa. Ya hau ta ramin silin ya duba, ya sauko yana karkaɗe gizo-gizo, ya ce wa Baba, “Alaji, tsakiya ni zai shiga. Gefe inda kwano ya sauko, ni ba shiga. Sai ƙaramin mutum.” Yayyena maza duk suna kan hanya da goro. Ya waiga ya gan ni tsugune da kwalaben fitila, ya nuna ni da haɓa.

Gwaggo ta ajiye muciya. “'Ya mace ta taka saman kan ubanta? A wane gari aka taɓa yi?”

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗakinsa, ya fito rungume da gafakar Alƙur'aninsa, ya koma ya kwaso sauran littattafai, ya shimfiɗa buzu a gindin kwakwar tsakar gida ya zauna. Sannan ya ce, “Yanzu ba kowa a ƙarƙashinta, Yaya. Ta hau.”

Har yau in na rufe ido ina jin warin wurin nan, ƙura da kashin jemage da zafin kwano. Duhu ne, amma duk inda ƙusa ta taɓa huda kwano, rana ta zuro siririn haske kamar allura. Mai Kuran ya tsaya a kan tsani, kansa da kafaɗunsa kawai a sama, yana yi mini magana. Abu na farko, kada in taka silin, azara kawai, gwiwa a kan ɗaya, hannu a kan ta gaba. Abu na biyu, giginya ba ta karɓar ƙusa, ko ta lanƙwasa ta ko ta tsage, saboda haka tun a ƙasa ya shirya dogayen falankai ya ɗaura musu 'yan fararen tangaran a gefe, kamar ƙananan kofuna. Aikina in ja falanki in gindaya shi a kan azara daf da bango, in ɗaure shi da siririn ƙarfe, sannan in bi da waya daga tangaran zuwa tangaran, tana rataye, ba ta taɓa komai.

Na yi ɗaki biyu haka. Zufa ta jiƙa ni, ƙayar giginya ta cika mini gwiwa. Da na isa saman ɗakin Gwaggo, can ƙurya inda idon Mai Kuran ba ya kaiwa, sai na ce a raina wa zai gani. Na bar falanki a gefe, na ja waya kai tsaye a kan azara, na dawo da sauri ina cewa na gama.

Ya kalle ni, ya kalli sauran wayar da ke hannuna. Ya san tsawon da ya auna. “Yarinya, koma.”

Na ce ai ta isa inda za ta.

“Ta isa. Gobe wani ya hau, ya sa tukunya a kai. Jibi wani ya sa katako, ya buga ƙusa. Koma.”

Na fara kuka, ina cewa zafi. Bai tsawata mini ba. Ya sa hannu a aljihun wandonsa ya ciro wani abu ya miƙo mini a cikin hasken ramin. Guntuwar waya ce baƙa ƙirin, ta narke ta manne da wata ƙusa har sun zama abu ɗaya. Ya ce daga wani gida a unguwar Gbégamey ya tsinto ta cikin toka, gidan da ba shi ya yi wa aiki ba, amma ya san matar gidan, kifi take soyawa a bakin hanya. Bai faɗa mini abin da ya same ta ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce, “Aikin ƙasa kowa ya gani. Aikin sama, kai da Allah.” Na share hanci na koma ƙuryar nan da rarrafe, na kwance duk abin da na yi, na sake daga farko. Da aka kunna ampul ɗin Gwaggo, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “To, wannan ma ai zai yi ƙura. Gobe ki goge shi.”

Wayar nan ta yi shekaru tana aiki har na yi aure a gidan nan, na haihu, na aurar. Ba ta taɓa ko ɗumi ba. Daga baya an canja ta sau ɗaya, amma wanda ya canja ya bi falankan nan ne, bai kauce ba, don ina tsaye a ƙasa ina tambayarsa.

To, shi wannan mai jan wayar da ɗana ya kawo, saurayi ne mai tsabta, da jakar kayan aiki mai kyau da fitila a goshi. Ranar da ya fara zuwa na kai masa koko da ƙosai, na jira ya ci, sannan na ce masa a hankali, “Ɗana, in za ka ja wayar, ka sa ta a tiyo ka bi da ita jikin bango. In kuma dole ta gitta azara, a ɗaga katakon a kan 'yan sanduna, ta sami wurin wucewa.” Ya yi murmushi irin na mai ladabi. Ya ce, “Hajiya, kada ki damu, na yi liberasiyo, ubangidana ya yaye ni, ina da diplom. Yanzu ba a aiki irin na dā.” Har ya ciro hoton takardar a wayarsa ya nuna mini. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da furfurata na koyi haɗa baƙi, Faransancin takardarsa ya fi ƙarfina. Na ce Allah ya sa albarka, na ɗauki kwanona.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan da mutanen yanzu. Ba rashin sani ba ne, kowa da rashin sani aka haife shi. Sauri ne, da ganin cewa duk abin da katako zai rufe ya wuce ke nan. Kuma in mace ta tsufa, tana magana ƙasa-ƙasa, sai a ɗauka abin da ta sani ma ƙasa-ƙasa ne. Shekara nawa ina cikin gidan nan ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. An yaba mini a kan haka a wurin biki da wurin makoki. Ashe yabon nan yana nufin ana iya wuce ni kamar turmi.

Ranar zarton nan na fita tsakar gida na kira shi, ya leƙo ta rami. Na ce me yake yankawa. Ya ce ƙusa ta ƙi shiga itacen, kuma mai katako yana so daɓen ya kwanta daidai, shi ya sa yake ɗan fafe wa waya hanya a kan kowace azara. “Kaɗan ne, Maman, ba komai.” Na ce ya tsaya har mai gidan ya dawo. Ya ce patron, wato ɗana, ya ce yau a gama, a haɗa da kontar, mitar wuta, da yamma, gobe diloli za su hau. Ya mai da kansa ciki. Can sai na ji guduma. Ya fara buga katako a kan wayar.

Na tsaya ina kallon tsanin. Na zamani ne, mara nauyi, ba irin na Mai Kuran da sai maza biyu ba. Ban yi shawara da kowa ba. Na kama shi da hannu biyu, na janye, na kwantar da shi a jikin bango. Na ɗauko kujerata 'yar tsugunne na ajiye daidai ƙarƙashin ramin, na zauna da carbina. Rana ta kusa tsaka. Na san abin da kwano ke yi wa mutum a wannan lokaci, gwiwoyina sun sani.

Ba a daɗe ba ya leƙo. “Maman, tsani ya faɗi.”

“Bai faɗi ba. Ni na ɗauke.”

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. “Don Allah, Hajiya, zafi a nan.”

“Na sani. Cire katako na uku daga bango, ka duba wayar da ke ƙarƙashinsa, ka faɗa mini abin da ka gani.”

“Na riga na buga shi.”

“Da hannunka ka buga. Hannun yana nan.”

“To matsa, zan diro.”

“Diro. Ga ni.”

Na jefa masa ruwan leda biyu masu sanyi, don ni ba muguwa ba ce. Ya sha, sannan na ji yana waya da Faransanci, da sauri da sauri. Ban gane duka ba, amma na ji “la vieille” sau biyu. Wannan kam na san ta, tsohuwa ke nan. Surukata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta dubi tsanin, ta dube ni, ta koma. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

Ɗana ya iso a kan zem, farar shaddarsa ta manne da bayansa. “Inna, mene ne haka? Mutane na kallo.”

“Su kalla.”

Ya ɗauki tsanin ya jingina. Na sa hannu na riƙe ƙafar tsanin. Na ce, “Ba shi zai sauko ba. Kai za ka hau.”

“Da wannan kayan?”

“'Ya'yanka a nan ƙasa suke kwana. Hau.”

Tunda na haife shi bai taɓa jin wannan muryar a bakina ba, ni ma ban taɓa jin ta ba. Ya tattare riga ya hau. Na ji suna gardama, sannan na ji kukan ƙusa ana zare ta, ɗaya, biyu, uku. Ya daɗe a sama har surukata ta sake fitowa. Da ya sauko, ƙura har gira, yana riƙe da guntuwar waya da ya yanko. Ƙusa ta bi ta gefenta ta yage rigar, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli. A wuri biyu aka sami haka. Azara huɗu kuma an fafe su ta baƙin gefen nan, inda duk ƙarfin giginya yake. Ya tsaya yana juya wayar a hannunsa. Na jira. Abin da ya ce shi ne, “Inna, da kin faɗa mini.”

Na shiga ɗaki na yi alwala, don na ji abin da ke zuwa bakina.

An cire katakon duka, an sa wayar ɗakina a tiyo an bi da ita bango. Magini ya zo ya duba azarar da aka yanka, ya ce ba mai ɗora dila a wannan gefen, kuma sai an tokare. Yanzu akwai ginshiƙin ƙarfe a tsakiyar ɗakina, inda nake shimfiɗa darduma, sai na karkace nake sujada. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da na ji bayan kwana biyu, ana zaune a zaure bayan la'asar, shi da abokan kasuwarsa da limamin lungunmu. Zauren jikin ɗakina yake, ba sai na kasa kunne ba. Ya ce, “Allah ne ya sa na hau na duba da kaina, da yaron nan ya ƙona mu.” Wani ya ce ai ya ji labarin tsani. Suka yi dariya. Ɗana ya ce, “Tsohuwa kam kun san girma ya zo, sai haƙuri. Rikici ne kawai ya faɗo daidai.” Tun daga ranar, tsanin a gidan maƙwabta yake kwana, wai kada in sake taɓa shi. Surukata kuma ta koma yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar na kurumce.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Saura kicin da ɗakunan baya, can ƙurya inda kwano ya sauko. Saurayin ya ce ko an ninka masa ba zai sake taka gidan nan ba. An kawo wani, dattijo-dattijo, mai tambaya kafin ya taɓa. Ya leƙa sama ya sauko ya ce akwai tsofaffin wayoyi a ƙuryar da jikinsa ba zai shiga ba, yana so ya san ta ina suka bi, wacce ke da rai, wacce ta mutu, kafin ya sa hannu ko ya fasa silin. Aka dubi juna. Ba wanda ya sani a gidan nan sai mutum ɗaya.

Ɗana ya shigo ɗakina da safe, ya saki labule, ya tsuguna kusa da ginshiƙin, ya rage murya. “Inna, wai ta ina tsohuwar wayar ta bi a saman ɗakin baya?”

Na ce, “Na sani. Falanki nawa ne ma na sani.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. To ta ina?”

Na ce, “Ni da girma ya zo mini? Kada in rikita ku.”

Ya sunkuyar da kai. “Inna, don Allah. Magana ce ta zaure.”

“To a zauren za ka tambaye ni. Bayan la'asar, in sun taru, har da Liman. Ka aiko a kira ni, in sa mayafina in zo bakin ƙofa, ka yi tambayar da muryar da ka yi waccan. Sai in faɗa maka tun daga kontar har kicin.”

Ya ce zai duba. Yau kwana huɗu ke nan yana dubawa. Naɗin sabuwar waya na nan jingine a bakin kicin, surukata na girki da fitilar waya a haƙora, diloli na can Missèbo ruwa na barazana. Jiya da aka idar da la'asar na ji sun taru, na ji ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya kawo zancen tsadar kwastan. Na ninke mayafina na mayar a kan akwati, a sama-sama, inda hannu zai kai da sauri.